Kafin a miƙa wa yaro rula, a ba shi kara da igiya

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar ajin firamare a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, da hantsi ya san wannan karatu: kilomita, hektomita, dekamita, mita, desimita, santimita, milimita. Yara na rerawa da Faransanci baki ɗaya, malam na bin gidajen jadawalin ma'aunan da sanda a jikin allo. A cikinsu akwai masu kaifin ƙwaƙwalwa da za su mayar maka da mita 3 zuwa santimita 300 kafin ka ƙifta ido. Amma ka ja ɗaya gefe ka tambaye shi tsawon ƙofar da yake shiga kullum. Wani zai ce santimita 2, wani ya ce kilomita 2, kuma babu wanda zai ji amsar ta yi masa banbaraƙwai a baki. Sunayen sun zauna daram a ka, abin da sunayen ke nufi kuwa bai taɓa shiga hannunsu ba.

Ni a ganina, yaro ɗan shekara 5 zuwa 7, wato na ajin ƙanana da SIL (aji ɗaya na firamare) da CP (aji biyu), bai kamata a fara masa awon tsawo da rula ba, balle jadawali. A fara masa da karan dawa da igiya da tafin hannunsa da takun ƙafarsa, cikin harshen da yake rigima da ƙannensa da shi, har sai shi da kansa ya ga cewa takunsa da na abokinsa ba ɗaya ba ne, ya nemi ma'aunin da kowa zai yarda da shi. Ranar da ya nema, ranar ce ya dace mita ta shigo aji.

Dalilina na farko yana cikin yadda hankalin yaro ke girma. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, shi da abokan aikinsa sun buga bincikensu a kan yadda yara ke fahimtar awo a 1948, kuma gwajin da suka yi kowace uwa za ta iya maimaita shi a tsakar gida. A ɗauko kara biyu masu tsawo ɗaya, a jera su kai da kai. Ɗan shekara 4 ko 5 zai yarda cewa daidai suke. A gaban idonsa a tura ɗaya gaba kaɗan, a sake tambayarsa. Galibi zai ce wanda aka tura ya fi tsawo, domin idonsa na kan bakin da ya yi gaba, bai waiwayi gindin da ya bar gurbi ba. Sai wajen shekara 7 yawancin yara ke tabbata cewa matsar da abu ba ya ƙara masa tsawo. Masanan da suka biyo baya sun yi ta gardama a kan shekarun, wasu sun nuna cewa yaro kan gane da wuri idan ya saba da taɓa abubuwa yana jera su, kuma aka yi masa tambayar yadda zai fahimta. Wannan gardamar ma ƙarfafa mini gwiwa take yi. To yaron da har yanzu yake ganin kara ya ƙaru don an tura shi gaba, me lambobin jikin rula za su gaya masa?

Rula kanta tana da yaudara. A ido sanda ce mai lambobi, kuma yaro ya riga ya iya ƙirga, don haka malam da uba duk sai su ɗauka aiki ya ƙare. Alhali abin da ake ƙirgawa a jikinta ba zanen layukan ba ne, tazarar da ke tsakaninsu ce. Ka ɗora makulli a kan rula, gindinsa a kan 2, bakinsa a kan 7, ka tambayi yaran CE1 ko CE2, wato aji uku ko huɗu, tsawonsa. Da yawa za su ce 7, don nan bakin ya tsaya. Wasu za su ƙirga layukan daga 2 zuwa 7 su ce 6. Kaɗan ne za su ce 5. Akwai kuma masu fara awo daga 1, tunda a saninsu ƙirga daga ɗaya ake farawa, sifili kuwa ba komai ba ne. Wannan kuskure ba na yaranmu ba ne kaɗai, malaman lissafi a ƙasashe da dama sun daɗe suna kokawa da shi. Tushensa ɗaya ne: yaron bai taɓa jera tsinke bayan tsinke da hannunsa ba, baki da baki, ba gurbi ba hawa kan juna, har ya ƙure tsawon benci. Wanda ya yi wannan sau da yawa, idan ya ga rula zai gane cewa tsinkayen nan ne aka manne wuri ɗaya aka sa musu lamba don a huta da ƙirga.

Hanyar da nake kira a bi ba ta da wuya. Da farko gwadawa kai tsaye: yara biyu su tsaya baya da baya, a zube karare a ƙasa a ce su jera daga gajere zuwa dogo. A nan ne za su koyi cewa sai an daidaita gindi kafin a dubi kai, kuma wanda ya yi ɗage a kan yatsun ƙafarsa ya yi maguɗi. Sannan a kawo musu abin da ba ya ɗaukuwa: tagar aji da ƙofa, wanne ya fi faɗi? Ba za a iya ciro taga a kai ta jikin ƙofa ba. A bar su su yi ta kai-kawo. Za a sami wadda za ta buɗe hannuwanta a jikin taga ta ruga zuwa ƙofa tana ƙoƙarin kada hannuwan su motsa, sauran su ce ai sun motsa. Can sai wani ya ɗauko igiya ko ɗankwali. Wannan lokacin, da yaro ya gane cewa abu na uku zai iya ɗaukar tsawo daga nan ya kai can, ya fi duk wani jadawali daraja, kuma ba a iya rubuta masa shi a allo ya kwafa. Malamin da ya yi saurin cewa "ku ɗauko igiya" ya ƙwace musu darasin.

Bayan haka sai awo da jiki, wanda mu ba baƙonmu ba ne. Taƙi, kamu, gaba, taku: da su kakanninmu suka yanka sawaye, suka haƙa rijiya, suka shata ɗaki. Har yau mai haƙar rijiya da gaba yake faɗa maka zurfinta. A zaurukan karatu ma ɗalibin Risala ya san cewa tafiyar da ake yi wa ƙasaru baridi 4 ce, wato mil 48. Yara kansu suna awo kullum ba tare da an sa su ba. Ka tsaya a kowane fili a unguwar Yelwa ko Rumde Ajiya a Garwa da yamma ka ga yadda ake kafa ragar ƙwallo da duwatsu biyu. Sai an taka, kuma sai an yi musu: "Kai, takunka ya fi girma, taku daidai za ka yi!" Daga ƙarshe sukan yanke cewa mutum ɗaya ne zai taka ragogin biyu. Yaran nan sun gano da kansu dalilin da ya sa duniya ta buƙaci ma'auni guda, amma da safe idan suka shiga aji babu mai tambayarsu labarin.

Malam zai iya kawo wannan musun cikin aji da gangan. Ya auna benci da taƙinsa ya sami 8, ƙaramar yarinya ta auna ta sami 13. Ya tambaye su wa ya yi ƙarya. Za su yi hayaniya, kuma hayaniyar ce karatun. A cikinta za su ga cewa ƙaramin ma'auni yana ba da lamba babba, abin da nan gaba zai hana su mamakin yadda santimita 300 da mita 3 suka zama abu ɗaya. Sai a yanka kara guda ya zama na ajin duka, a yi masa kwafi, kowa ya auna da shi. Sai wata rana a aika ajin da ke maƙwabtaka da su da saƙo cewa allonmu kara 9 ne, naku fa? Amsa ta dawo ba ta yi daidai ba, domin karansu daban ne. Daga nan mita ta sami ƙofar shiga.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don na sha ji: "Malam, mu mun kawo su lekkol ne su koyi na zamani. In taƙi da kamu ne, ai da mun bar su a gida." Ina girmama wannan magana, domin daga bakin wanda ya sayi kayan makaranta da guminsa take fitowa. Amma mita ɗin da ake kira na zamani daga irin wannan musun aka haife ta. Kafin juyin juya halin 1789, Faransa cike take da ma'aunai barkatai, sunan awo ɗaya amma tsawonsa ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma talaka ne ke kwana ciki. A 1791 aka tsai da cewa sabon ma'auni zai zama kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu. Masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka fita a 1792 suna auna ƙasa daga Dunkerque a Faransa zuwa Barcelona a Sifaniya, aikin da ya ci shekaru, kafin a ƙera sandar mita ta farin ƙarfen filatinam a 1799. Duk da haka mutanen Faransa ba su karɓe ta da sauƙi ba. A 1812 gwamnati ta sassauta ta bar 'yan kasuwa su yi amfani da tsofaffin sunaye, kuma sai daga 1840 mita ta zama dole a kan kowa. Manya masu hankali, a ƙasar da ta ƙirƙiro abin, sun ɗauki shekara 40 kafin ya zauna musu. Mu kuma muna so ɗan shekara 6 ya haɗiye shi a mako ɗaya, cikin harshen da bai fi wata uku da fara ji ba. Ba na cewa a tsaya a kan taƙi. Cewa nake a bi ta kansa a wuce, don yaro ya san matsalar da mita ta zo ta warware.

Malamai kuma nasu uzurin ya fi nauyi. A yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa aji mai yara fiye da 100 ba abin mamaki ba ne, wasu a ƙasa suke zaune, kuma malamai da yawa iyaye ne ke biyansu ɗan abin da ya samu. Mutum ɗaya a gaban wannan taro, rera jadawali ne kaɗai abin da ke sa kowa ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ban raina wahalarsu ba. Sai dai a duk darussan lissafi, awon tsawo ne ya fi arha. Tun daga gidan yaran da ta buɗe a birnin Rum a 1907, likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, ta shahara da kayan koyarwar da yaro ke taɓawa, ciki har da jajayen sanduna 10, ƙaramar santimita 10, babbar mita 1, kowace ta ɗara ta bayanta da santimita 10. Makarantun masu hali suna sayen su da tsada. Mu kuwa bayan girbin dawa, da kuma na masakwa a rani, karare har ƙona su ake yi. Wuƙa ɗaya da tef ɗin tela ɗaya sun isa malam ya yanka saiti goma a yini guda, ko ya sa yaran CM2, ajin ƙarshe na firamare, su yanka, su ma sun sami nasu darasin. A raba aji gida-gida a ƙarƙashin darbejiya, kowane gida da kararensa da babban yaro guda. Aji mai cunkoso ya fi buƙatar a fita da shi waje.

Ga kuma batun harshe, wanda a nan arewa ba a iya kauce masa. A benci ɗaya za ka sami Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da ɗan Tupuri ko Mafa, wani lokaci malamin daga kudu aka turo shi, ba ya jin ko ɗaya daga cikin harsunansu. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, manhajar firamare ta 2018 ma ta ba su gurbi, amma a aikace Faransanci ne ke mulkin aji tun ranar farko. Awon tsawo na cikin darussan da wannan giɓi ba zai yi wa illa sosai ba, matuƙar da hannu ake yin sa. Yarinyar da ke riƙe da kara biyu ta riga ta san wanne ya fi tsawo, ta faɗa da Hausa ko Fulatanci a ranta. Jimlar Faransancin da malam zai ba ta za ta sauka ne a kan abin da ta sani, sai ta zauna. Idan kuwa aka ba ta jimlar da hoton layi biyu a allo mai nisan benci goma sha biyar daga inda take, an haɗa mata baƙin abu biyu a lokaci guda. Saboda haka malamin da ya ji yara na musu da harshen gida a kan wane kara ya fi tsawo, don Allah kada ya tsawata. Lissafi suke yi.

Wani zai ce duk wannan dogon zance a kan ɗan ƙaramin darasi. Abin da ya sa na ɗauke shi da zafi shi ne, yankunanmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suna cikin waɗanda gwamnati da kanta ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman a fannin ilimi, kuma kowa ya san yara da yawa, musamman mata, ba sa kaiwa CM2. Abin da suka samu a shekara biyu ko uku na farko shi ne guzurinsu na rayuwa. Jadawalin da aka haddace yana bin iska cikin wata shida. Sanin yadda ake riƙe igiya a miƙe, a fara daga sifili, a kuma ji a jiki cewa wannan amsa ba za ta yiwu ba, shi yana zama.

Kuma rayuwar nan cike take da awo. Manomin auduga da ke hulɗa da kamfanin auduga na SODECOTON da kwata yake lissafin gonarsa, wato rubu'in hekta, mita 50 tsawo mita 50 faɗi, kuma a kan wannan ake ƙiyasta iri da taki da bashin da zai biya. A ce igiyar da aka auna masa gonar haya da ita mita 48 ce maimakon 50. A ido ba komai, mita biyu kacal. A ƙasa kuwa murabba'in mita 2,304 ya samu maimakon 2,500, ya yi asarar kusan kashi 8 cikin 100, kuma kuɗin kwata cikakke zai biya. Haka a kasuwa: ƙasarmu da mita take aiki, amma atamfa da yadi ake sayar da ita, turmi yadi 6. Yadi kuwa santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, don haka turmin bai kai mita 5 da rabi ba, saura ƙiris. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya, kuma yaron shago da bai san bambancinsu ba zai ɓata shaddar mutane. Rigingimun filaye da ke raba zumunta a unguwanninmu, nawa ne suka faro daga "taku kaza" da aka faɗa shekara ashirin baya ba tare da an san takun wa ba?

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na ɗan siririn tef mai launi uku da ake auna damtsen yara da shi don gano tamowa. A asibitoci da ƙauyukan Arewa Mai Nisa da Chadi an san shi sarai, kuma yanzu iyaye mata ake koya wa su riƙa aunawa a gida. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, damtsen da bai kai milimita 115 ba yana cikin ja, tamowa mai tsanani, a garzaya asibiti. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, daga 125 zuwa sama kore. Tsakanin ja da kore santimita ɗaya ce tak. An sa launuka ne don wadda ba ta yi karatu ba ta iya, kuma mata suna iyawa. Amma launi ba zai gaya mata ta nemi tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu ba, ba zai hana ta matse tef ɗin ko ta sake shi ba. Wannan nutsuwar hannu ce, irin wadda ake samu tun ana ƙarami idan an saba auna abu sau biyu a ga ko amsa ta zo ɗaya. Yarinyar da ke jera karare a SIL yau, nan da shekara goma sha biyar ita ce za ta riƙe wannan tef.

Iyaye ma da nasu rabon, kuma ba ya buƙatar sun yi boko. Inna mai zuwa sayen igiyar shanya za ta iya cewa, "Zo nan, auta, gwada mini daga turken nan zuwa bangon can, gaba nawa ne?" Kawu tela ya bar ɗan 'yar'uwarsa ya riƙe bakin tef, ya nuna masa inda ake farawa. Magini ya bar yara su ƙirga bulo nawa ne a layi ɗaya. A zana tsawon yaro a jikin bango da gawayi ranar ƙaramar salla, a sake zanawa a babba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin a auna, a ce ya yi hasashe tukuna. Yaron da ya saba cewa "ina jin zai kai taku goma" sannan ya taka ya ga sha huɗu, shi ne wanda ba zai taɓa rubuta cewa ƙofa kilomita 2 ce ba.

Masu iko da manhaja kuwa, malami yana koyar da abin da ya san sufeto zai duba ne. Idan sufeto ya shigo CP ya buɗe littattafai yana neman jadawali mai tsabta, jadawali za a yi masa. Ina kira ga sufetocin gundumomi da makarantun horar da malamai na ENIEG da su canza abin da suke tambaya. A ƙarshen CP, a miƙa wa yaro igiya marar lamba, a nuna masa taga da ƙofa, a ga ko zai iya faɗin wadda ta fi faɗi ya kuma nuna yadda ya sani. A CE1 a ba shi rular da ta karye ta fara daga 3, a ce ya auna alli. Ƙungiyar iyayen yara ta kowace makaranta kuma ta cire daga kuɗin da take tarawa ta sayi tef ɗin tela ɗaya da igiya mai mita 10 ga kowane aji, a ɗaura mata ƙulli a kan kowace mita, a rataye ta a inda hannun yara zai kai.